Tsaron Jiragen Fatake a Tekun Indiya Zamanin Kamfanonin Turawa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk mai karanta tarihin yadda Turawa suka kutsa cikin kasuwancin Indiya da ƙasashen Larabawa, ba ya nisa sai ya ci karo da batun 'yan fashin teku, da jiragen rakiya, da takardun izinin wucewa. Tambayoyin da ɗalibai da masu sha'awar tarihi ke yi a kan wannan kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Na fi mayar da hankali ga yammacin Tekun Indiya, wato daga gaɓar Indiya zuwa Bahar Maliya da Tekun Fasha.

Wane zamani ake nufi, kuma jiragen su wa ake karewa?

Zamanin ya faro daga 1498, shekarar da Vasco da Gama na Fotugal ya zagayo kudancin Afirka ya sauka Kalikut, ya kuma kai har tsakiyar ƙarni na 19. A cikinsa aka kafa kamfanin East India na Ingila a 1600, da na Holan a 1602, Faransawa su ma suka kafa nasu a 1664. Kamfanonin ciniki ne, amma gwamnatocinsu sun yarje musu su riƙe makamai, su gina sansani, su ƙulla yarjejeniya da sarakuna.

Jiragen kuwa kashi biyu ne. Akwai na kamfanonin kansu, masu kwasar barkono da yadi da shayi zuwa Turai. Akwai kuma na 'yan ƙasa, Gujaratawa da Larabawa da Farisawa da Armeniyawa, waɗanda suka fi na Turawa yawa nesa ba kusa ba, suna jigilar yadi da shinkafa da dawakai da alhazai. Kashi na biyun ya fi jan hankalina, domin a nan ne za ka ga Bature ya ɗauki alkawarin tsare jirgin da ba nasa ba, wani lokaci don kuɗi, wani lokaci don an tilasta masa.

Me ya sa fashi ya yi yawa a wannan hanya?

Iska ce ta jawo. Jiragen lokacin ba su da inji, iska ke tura su, ita kuwa iskar Tekun Indiya tana da ƙa'ida: ta yi watanni tana kaɗawa ta fuska ɗaya, sannan ta juya. Saboda haka kowa ya san lokacin tafiya da na dawowa. Jiragen Surat, babbar tashar Gujarat a yammacin Indiya, sukan tashi zuwa Moka ta Yaman da Jidda wajen watan Maris, su juyo gida wajen Agusta ko Satumba. Ɗan fashi ba ya bukatar mai kai masa rahoto, lissafin wata ya ishe shi.

Ga kuma mashigin Babul Mandab, ƙofar Bahar Maliya ta kudu, mai faɗin wajen kilomita 30, da tsibirin Perim a cikinsa. Duk jirgin da zai fito, dole ta nan zai bi. A dawowa kuma jirgi ya fi daɗin kamawa, don an sayar da yadi a Moka da Jidda an karɓo azurfa da zinariya, kayan da ba sa ruɓewa, ba sa kuma bukatar dillali.

Kafin zuwan Turawa babu 'yan fashi ne?

Akwai su tun da daɗewa. Ibn Battuta, wanda ya bi gaɓar Indiya a ƙarni na 14, ya ba da labarin jirgin da ya shiga da maharba hamsin da mayaƙan Habasha hamsin a cikinsa, ya ce 'yan fashi na gudun jirgin da ke ɗauke da Habashawa. Shi kansa daga baya ya faɗa hannunsu, suka tuɓe shi suka bar shi da wando kawai. To, ka ga tun lokacin mai jirgi kan yi hayar masu makami, ko ya jira 'yan'uwansa su tafi tare.

Abin da babu shi a da shi ne wani sarki ya ce tekun kansa nasa ne. Sarki yakan karɓi kwastan a tasharsa, amma da jirgi ya yi nisa da gaɓa, ruwa na kowa ne. 'Yan Fotugal ne suka zo da sabon abu. Sarkinsu Manuel ya ƙara wa kansa laƙabin mai mallakar tafiyar ruwa da kasuwancin Habasha da Arabiya da Farisa da Indiya, suka kuma bi laƙabin da igwa: Goa a 1510, Malaka a 1511, Hormuz a 1515. Aden ce ta gagare su a 1513, shi ya sa ba su taɓa iya rufe Bahar Maliya ba.

Mece ce kartas?

Takardar izinin tafiya a teku ce da 'yan Fotugal suka fara bayarwa tun 1502. Ana rubuta sunan nahoda, wato kyaftin ɗin jirgi, da girman jirgin, da inda za shi, da makaman da aka yarda ya ɗauka. Kuɗin takardar kanta bai taka kara ya karya ba. Ribar tana cikin sharuɗɗa: dole jirgi ya ratsa ta tashar da ke hannun Fotugal ya biya kwastan, an hana shi ɗaukar barkono da wasu kayan yaji da suka keɓe wa kansu, an kuma hana shi ɗaukar Turkawa, tunda suna gaba da su. Jirgin da aka tare babu takarda, ko ya saɓa abin da ke cikinta, ya zama ganima.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya tambayi kansa, takardar daga wa take kare mutum? Amsar ita ce, daga wanda ya ba da ita. A 1502 ɗin nan da Gama ya tare wani jirgi mai suna Miri da ke dawowa daga Makka, ya kwashe dukiyar ciki, ya sa masa wuta da ɗaruruwan mutane a ciki, har da mata da yara. Bayan abu irin wannan, ba sai an lallashi attajiri ya sayi takarda ba. Daga baya Ingilishi da 'yan Holan sun riƙa ba da irin tasu, haka ma sarakunan ruwa na Indiya, kamar yadda za a gani a tambayar da ke kan Kanhoji Angre.

Wanda ya mallaki takardar ya tsira ke nan?

Sau da yawa yakan wuce lafiya, amma ba tabbas. Misalin da ya fi shahara shi ne na jirgin Rahimi, mallakar Maryam Zamani, mahaifiyar Jahangir, Sarkin daular Mugal ta Indiya, jirgin da ke kai alhazai da kaya Bahar Maliya. A 1613 'yan Fotugal suka kama shi suka kai Goa da mutanen da ke ciki, alhali yana da kartas. Haushinsu shi ne Mugal sun fara sakar wa Ingilishi fuska, bayan jiragen Thomas Best sun fatattaki na Fotugal a Suwali, kusa da Surat, a 1612. Jahangir ya rama a tudu, ya sa aka kai wa garin Daman yaƙi, aka rufe majami'un limaman Fotugal da ke ƙasarsa. Wannan salo na ramuwa a tudu zai sake fitowa a tambayar da ke kan Turawan Surat.

Mene ne ayarin jirage, yaya yake tafiya?

A ƙarshen ƙarni na 16 'yan Fotugal suka fara tara ƙananan jiragen fatake, wani lokaci ɗaruruwa, su tafi tare daga Goa zuwa Kambay a Gujarat da jiragen yaƙi suna yi musu rakiya. Sunan da suka ba wannan tsari, kafila, daga Larabci suka aro shi, ma'anarsa ayari. Waɗanda ake gudu su ne mayaƙan ruwa na Malabar, musamman na gidan Kunjali Marakkar, waɗanda suka yi wa Sarkin Kalikut aikin sojan ruwa kusan ƙarni guda, har aka kashe na huɗunsu a Goa a 1600.

Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba. Fataken goro masu zuwa Gwanja ba su tafiya ɗai-ɗai, sukan haɗu a ƙarƙashin madugu, jagaba na gaba, a biya fito a inda ya kamata, don a wuce lafiya. Ayarin ruwa ma haka yake, da matsalolinsa iri ɗaya: mai sauri ya jira mai nauyi, kuma in aka iso kasuwa gaba ɗaya farashi ya faɗi. Bambancin shi ne, madugu ɗan'uwan fatake ne, abin da ya same su ya same shi. Mai rakiyar kafila kuwa shi ne mai karɓar kwastan, rakiyar kuma hanya ce ta tabbatar da ba wanda ya zille masa.

Ina bambancin ɗan fashi da mai lasisin kama jirage?

Takarda ce kawai tsakaninsu. A lokacin yaƙi gwamnatocin Turai sukan ba mai jirgi mai zaman kansa izini a rubuce ya kama jiragen abokan gaba, ya kai kotun harkokin ruwa ta halatta masa ganimar. Wanda ya yi aikin nan babu takarda, ko ya kama jirgin ƙasar da ba a yaƙi da ita, shi ne ɗan fashi, hukuncinsa rataya. A 1603 wani kyaftin na Holan, Jacob van Heemskerck, ya kama babban jirgin Fotugal Santa Catarina kusa da Singafo. Don kare wannan kamun ne kamfanin ya nemi lauya Hugo Grotius, wanda daga cikin aikinsa aka fitar da hujjar nan ta cewa teku na kowa ne, aka buga a 1609.

Ga attajirin Surat da aka kwashe wa kaya, wannan bambanci bai da amfani. Harshe ɗaya maharan ke yi da Turawan da ke zaune a garinsa, tuta ma sau da yawa iri ɗaya.

Me ya faru da jirgin Ganj-i-Sawai?

Wannan shi ne harin da ya sauya lissafi. Henry Every ma'aikacin jirgi ne ɗan Ingila. A 1694 ya jagoranci tawaye a wani jirgin yaƙi mai igwa 46 da ke tsaye a tashar Koruna ta Sifen, saboda an daɗe ba a biya ma'aikata albashi ba. Ya sauya masa suna zuwa Fancy, ya nufi Tekun Indiya. A 1695 ya haɗu da wasu jiragen 'yan fashi da suka zo daga yankunan Ingila na Amurka, suka yi kwanto a bakin Babul Mandab suna jiran jiragen Surat. Ayarin, kusan jirage 25, ya sulale ya wuce su da dare. Suka bi sawu.

A watan Satumba suka fara cin ma Fateh Muhammad, jirgin Abdul Gafur, babban attajirin Surat, suka kwashe shi. Sannan suka riski Ganj-i-Sawai, jirgin Sarki Aurangzeb kansa, cike da alhazai masu komawa gida. Ba jirgin banza ba ne. Marubucin tarihin Mugal Khafi Khan ya ce yana da igwa 80 da bindigogi 400. Amma da aka fara musayar wuta, wata igwa ta fashe a cikinsa ta kashe masu harba ta, harbin Every kuma ya karya babban itacen tsakiyar jirgin da ake ɗaura ƙyallen da iska ke turawa. Cikin ruɗanin nan 'yan fashin suka haura. Sun yi kwanaki a jirgin suna azabtar da maza don su nuna inda suka ɓoye dukiya, suna keta mutuncin mata, har wasu matan suka faɗa teku, wasu suka kashe kansu da wuƙa. Mutanen da suka baro Ɗakin Allah ke nan, saura kwanaki kaɗan su ga iyalansu.

An ƙiyasta dukiyar tsakanin fam 325,000 da 600,000 na wancan zamani. Gwamnatin Ingila ta sa ladan fam 500 a kan Every, kamfanin East India ya ninka ya zama 1,000. Ya gudu Bahamas, daga nan ya wuce Ireland ya ɓace, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. An gurfanar da shida daga mutanensa a Landan a 1696, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke su daga laifin fashin. Sai da aka sake tuhumarsu da laifin ƙwace jirgin a Koruna sannan aka rataye biyar. Wato a kan jirgin Turawa aka rataye su, ba a kan jinin alhazai ba.

Me ya sa aka kama Turawan Surat alhali ba su suka yi fashin ba?

Domin a tudu ne kaɗai hannun Sarkin Mugal ke kaiwa. Daular tana da dakaru masu ɗimbin yawa, amma ba ta da jiragen yaƙin da za su bi ɗan fashi cikin teku mai nisa. Abin da take da shi shi ne kasuwa, Turawa kuwa ba za su iya rabuwa da yadin Gujarat da na Bengal ba. Da jirgin ya iso Surat labari ya bazu, gari ya ɗauki zafi, gwamna Itimad Khan ya tsare shugaban Ingilishi Samuel Annesley da mutanensa, aka sa musu mari, aka dakatar da cinikinsu. Sai a tsakiyar 1696 aka sake su, bayan sun yarda za su riƙa yi wa jiragen alhazai rakiya.

Zargin kuma ba daga sama ya faɗo ba. Shekaru kaɗan kafin nan, tsakanin 1686 da 1690, kamfanin Ingila da kansa ya yaƙi Mugal yana kama jiragensu, har Sidi Yaƙub, sarkin yaƙin ruwa na Mugal, ya yi wa Bombay, garin kamfanin, ƙawanya, kamfanin ya nemi gafara ya biya tarar rupi 150,000. Wanda ya ga wannan da idonsa, da wuya ka gamsar da shi cewa Every dabam, kamfani dabam.

Da hare-hare suka ci gaba, a 1699 aka tilasta wa kamfanonin uku sa hannu a takardar alkawari da ake kira mucalka, cewa su za su biya duk asarar da 'yan fashi suka jawo. Aka raba musu teku: 'yan Holan su tsare hanyar Bahar Maliya, Faransawa Tekun Fasha, Ingilishi ruwan kudancin Indiya.

Rakiyar ta yi amfani kuwa?

Ta yi a wasu lokuta. A watan Agusta na 1697 ayarin Moka ya fito da rakiyar jiragen Turawa, cikinsu har da Sceptre na kamfanin Ingila a hannun Edward Barlow. Da gari ya waye sai aka ga baƙon jirgi ya kutsa tsakiyar ayarin. Iska ta yi rauni, Barlow ya sa aka sauke ƙananan kwale-kwale suka ja jirginsa da igiya ya tunkari baƙon yana harbi, baƙon ya janye.

Baƙon nan William Kidd ne, kuma labarinsa shi ne an ba kura ajiyar nama. Manyan mutane a Landan ne suka haɗa kuɗi suka ba shi jirgi Adventure Galley mai igwa 34 da takardar sarki, aikinsa ya farauto 'yan fashi. Tsarin kuwa babu albashi, sai abin da aka kama a raba. Da watanni suka shuɗe ba a kama kowa ba, sai ya juya kan waɗanda aka aiko shi ya tsare. A Janairun 1698 ya kama Quedagh Merchant, jirgin da fataken Armeniya suka yi haya, wani babban bafaden Mugal kuma yana da kaya a ciki. Hujjarsa ita ce jirgin na ɗauke da takardar izinin Faransa, abokiyar gabar Ingila. Takardun ba su bayyana a gaban kotu ba, aka rataye shi a Landan ranar 23 ga Mayu, 1701. Sai bayan fiye da shekara 200 aka gano su a ma'ajiyar takardun gwamnati.

Ina 'yan fashin suke kai kayan, kuma yaya aka toshe hanyar?

Ɓarawo ba ya rayuwa sai da mai saye. Matattararsu ita ce ƙaramin tsibirin Sainte-Marie a gabashin Madagaska, inda wani Adam Baldridge ya kafa wurin ciniki, attajiran New York irin su Frederick Philipse suna aiko masa da giya da albarushi da tufafi, suna karɓar zinariya da bayi. Gwamnan New York na lokacin, Benjamin Fletcher, an cire shi daga muƙami bisa zargin hulɗa da su. A 1700 majalisar Ingila ta zartar da dokar da ta ba da damar a yi wa ɗan fashi shari'a a yankunan mulkin mallaka ba sai an kai shi Landan ba. A ganina toshe kasuwar da sauya gwamnoni sun fi jiragen rakiya tasiri, ko da yake fashin ya sake ɗagowa na ɗan lokaci wajen 1720.

Kanhoji Angre ɗan fashi ne ko sarkin yaƙin ruwa?

Ya danganta da takardun wa ka karanta. A rubuce-rubucen kamfanin Ingila ɗan fashi ne. A wurin Maratawa kuwa, masu daula a yammacin Indiya, shi ne shugaban sojan ruwansu, daga wajen 1698 har rasuwarsa a 1729, yana riƙe da sansanonin Kolaba da Suvarnadurg da Vijaydurg a gaɓar Konkan. Abin da ya yi shi ne abin da Fotugal ta koya wa kowa: ya ce ruwan gaɓar ƙasarsa nasa ne, mai wucewa ya karɓi takardarsa da ake kira dastak, wanda ya ƙi a kama shi. Rigimarsa da Bombay ta fi tsanani a kan jiragen 'yan ƙasa da ke ɗaga tutar Ingila suna cewa takardar kamfani ta ishe su.

Dabarar yaƙinsa ta dace da ruwan. Yana da jirage masu faɗi da ake kira gurab, wato hankaka da Larabci, da ƙananan jiragen tuƙi masu jan su idan iska ta ɗauke. Babban jirgin Turawa in ya rasa iska ya zama tudu, igwoginsa kuma a haƙarƙari suke. Sai su zo masa ta baya, inda ba ya iya harbi, su yi ta dukan itatuwansa har su karye. Gwamnan Bombay Charles Boone ya kai masa hari a 1718 da 1720 bai yi nasara ba, a 1721 Ingilishi da 'yan Fotugal suka haɗu a kan Kolaba, nan ma suka koma hannu rabbana. Sai bayan mutuwarsa, da 'ya'yansa suka rabu, aka ci Suvarnadurg a 1755, aka ci Vijaydurg a 1756 a hannun ɗansa Tulaji, da jiragen Charles Watson da sojojin Robert Clive, Peshwa, wato babban wazirin Maratawa, kuma yana taya su ta tudu.

Yaushe kamfani ya tashi daga mai neman kariya ya zama mai ba da ita?

In za a sa yatsa a kan shekara ɗaya, 1759 ce. Tun zamanin Aurangzeb, muƙamin sarkin yaƙin ruwa na Mugal yana hannun Sidi na Janjira, mutanen da asalinsu daga gabashin Afirka ne, ana biyansu daga kuɗin shigar Surat don su tsare jiragen fatake da na alhazai. A 1759 kamfanin Ingila ya ƙwace sansanin Surat, ya karɓi muƙamin da kuɗinsa. Ƙarfin da ya yi wannan da shi shi ne rundunar ruwansa ta Bombay Marine, wadda jiragenta da yawa a Bombay aka ƙera su da itacen tik, a hannun iyalan Wadia, maƙeran jirgi da suka taso daga Surat a 1736. Shekara 64 ke nan tsakanin ranar da aka sa wa Annesley mari a Surat da ranar da magadansa suka karɓi makullin sansanin garin.

Su kuma manyan jiragen kamfani, yaya suke kare kansu lokacin yaƙin Turai?

Da igwa, da ayari, da dabara. Babban jirgin kamfani yakan ɗauki igwa ashirin zuwa sama, kuma daga nesa yana kama da jirgin yaƙi. Masu komawa Turai sukan taru a tsibirin Saint Helena su jira rakiya. Daga 1798 dokar Ingila ta wajabta wa yawancin jiragen kasuwanci tafiya cikin ayari lokacin yaƙi, masu inshora na Lloyd's a Landan kuma sukan rage kuɗi ga jirgin da ya bi rakiya. Duk da haka Faransawa masu lasisi daga tsibirin Morishus sun yi musu ɓarna. Robert Surcouf ya kama babban jirgi Kent a Tekun Bengal a 1800, ba a kuma huta ba sai da Ingila ta ci tsibirin a 1810.

Dabarar da ta fi shahara ta faru a Fabrairun 1804, can gabas kusa da mashigin Malaka. Nathaniel Dance yana jagorantar manyan jiragen kamfani 16 daga Kanton, makare da shayi da siliki, babu jirgin yaƙi tare da su, sai ga rundunar Faransa a ƙarƙashin Linois. Dance ya jera jiragensa sahun yaƙi, ya sa wasu suka ɗaga tutar sojan ruwa, ya tunkare su. Linois ya ɗauka akwai manyan jiragen yaƙi a ciki, ya juya, 'yan kasuwa suka bi shi a guje.

Me ya kai Ingila yaƙi da Ƙawasim a Tekun Fasha?

Ƙawasim Larabawa ne masu jirage da ciniki, cibiyarsu Rasul Khaima da Sharja. A farkon ƙarni na 19 Bombay ta zarge su da kai hari kan jiragen Ingila da na Indiyawa masu tafiya da tutarta. Aka kai musu yaƙi a 1809, aka sake komawa a Disambar 1819 a ƙarƙashin William Keir Grant tare da taimakon Sarkin Maskat, aka rushe sansanin Rasul Khaima, aka ƙona jirage. A Janairun 1820 shehunan gaɓar suka sa hannu a yarjejeniyar da ta wajabta wa jiragensu tuta mai fari da ja, da takardar rajista, da takardar fita tasha. Kartas ce ta dawo da sabuwar riga. Yarjejeniyar tsagaita wuta ta 1835 da ta dindindin ta 1853 suka biyo baya, daga cikinsu masarautun da suka zama Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 1971 suka fito.

Masana sun saɓa a kan zargin. Sarkin Sharja na yanzu, Sheikh Sultan bin Muhammad Al Ƙasimi, wanda masanin tarihi ne, ya yi bincike yana cewa kamfanin ya kambama batun fashin ne don ya kawar da abokan gasarsa a cinikin Indiya. Wasu kuma sun nuna cewa hare-haren sun faru da gaske, cikin yaƙin da ke tsakanin Ƙawasim da Oman. Ni dai abin da na fahimta shi ne, an kai hare-hare, amma wanda ke da ikon raɗa wa abu suna fashi shi ne wanda ya ci ribar raɗin.

Wannan tarihi ya taɓa ƙasar Hausa ta wata hanya?

Ta hanyar alhazai, ba sosai ba, domin mutanenmu ta tudu suke bi, ko ta Sahara zuwa Masar, ko daga baya ta Sudan su ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Amma ta hanyar kuɗi ya taɓa mu ƙwarai. Kuɗin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, asalinsa daga tsibiran Maldib ne a Tekun Indiya. Wani ya shigo ta Sahara, amma mai yawa jiragen kamfanonin Holan da Ingila ne suka loda shi a ƙasan jirgi don ya ba shi nauyi, aka yi gwanjonsa a Amsterdam da Landan, aka kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma aka sayi bayi da shi, sannan ya hauro arewa. Keso ɗaya na wuri 20,000 a kasuwar Kurmi, mai yiwuwa ya bi ayarin da aka yi bayani a tambayar da ke kan manyan jiragen kamfani.

Salon kansa ma ya iso kogin Kwara. Kamfanin Royal Niger na George Goldie ya sami izinin sarautar Ingila a 1886, ya kafa dakarunsa, ya sa lasisi da haraji da suka kori fataken Nembe daga kasuwannin da suka gada, wanda ya ratsa kuma a kira shi ɗan fasa-ƙwauri. A Janairun 1895 Sarki Koko na Nembe ya kai hari hedikwatar kamfanin a Akassa, sojan ruwan Ingila suka rama a kan Nembe. Dakarun kamfanin ne suka yaƙi Bida da Ilorin a 1897, kuma abin da ya bari ne Lugard ya karɓa a Lakwaja ranar 1 ga Janairu, 1900.

Yaushe wannan tsari ya ƙare?

A hankali ya mutu. Yarjejeniyar Paris ta 1856 ta haramta ba jirage masu zaman kansu lasisin kama jiragen abokan gaba, ko da yake Amurka ba ta sa hannu ba. Jirgi mai tururi kuma ya rushe lissafin iskar da aka yi bayani a farko, tunda ba ya jiran wata, ba ya kuma tsayawa cak in iska ta ɗauke. Gwamnatin Ingila ta karɓi mulkin Indiya daga kamfani a 1858, aka rushe rundunar ruwan Indiya a 1863, tsaron hanyar ya koma hannun sojan ruwan Ingila.

Mashigin Babul Mandab kansa ya riga ya shiga hannunsu. Sun kama Aden a 1839, a 1857 kuma suka mamaye Perim, tsibirin nan maras ruwan sha da Every da abokansa suka yi kwanto a kusa da shi. Suka gina masa hasumiyar fitila, daga baya ya zama wurin da jiragen da ke bin mashigin Suez suke tsayawa su ɗauki gawayi.